Dofamin da makarɓansa: me ya sa rai ke kwaɗayin abin da ba ya masa daɗi?

Kwanan nan duk inda ka leƙa a TikTok ko Facebook sai ka ci karo da wani yana ta bayanin dofamin, wai shi ne sinadarin farin ciki, wai waya ta tsotse maka shi, wai ka yi azumin dofamin na sati guda ka dawo sabo fil. Har yaran Samaru sun ɗauka, idan mutum bai da niyyar zuwa lakcar ƙarfe bakwai sai ya ce yau dofamin ɗinsa ya yi ƙasa. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma an yanke mata kai an bar gangar jiki. Yawan dofamin ko ƙarancinsa rabin labari ne. Sauran rabin, wanda a ganina ya ma fi nauyi, shi ne wa ya karɓi saƙon, a wane ɓangare na ƙwaƙwalwa, kuma a wane hali ya same shi.

Ƙwaƙwalwar mutum tana da ƙwayoyin jijiya wajen biliyan 86, amma masu yin dofamin a tsakiyarta ba su wuce dubu 400 zuwa 600 ba. Ƴan tsiraru ne. Suna zaune a wurare biyu can ƙasa, ɗaya wani ɗan yanki ne mai duhun launi da likitoci ke kira substanshiya nigira, ɗayan maƙwabcinsa ana ce masa VTA. Daga nan suke miƙa rassa masu tsawo zuwa ɓangaren da ke sarrafa motsi, da akumbens inda kwaɗayi ke tashi, da amigdala mai kula da tsoro, da ƙwaƙwalwar goshi inda ake tsara tunani da yanke shawara. Akwai kuma wani ƙaramin rukuni daban da ke aika saƙo ga fituwitari, wata ƴar ƙaramar gaɓa a ƙasan ƙwaƙwalwa, zan zo kansa. Arvid Carlsson ɗan Suwidin ne ya nuna a 1957 da 1958 cewa dofamin ɗan aike ne mai zaman kansa a ƙwaƙwalwa, ya ba zomaye maganin da ya kwashe musu shi suka sandare ko motsi babu, ya ba su L-dopa, sinadarin da jiki ke mayarwa dofamin, suka wartsake. A kan wannan aikin ya samu kyautar Nobel a 2000.

To shi dofamin idan an sake shi ba ya shiga cikin ƙwayar da aka aike shi gare ta. Tsayawa yake a bakinta, inda akwai wani furotin da ke manne a fatar ƙwayar yana jiransa, shi ne risefta, ni dai makarɓi zan riƙa ce masa. A 1979 John Kebabian da Donald Calne suka ce makarɓan nan ba iri ɗaya ba ne, aƙalla biyu ne. Tsakanin 1988 da 1991 aka gano biyar ne, D1 zuwa D5, amma dai gida biyu suka kasu. D1 da D5 gida ɗaya, idan dofamin ya taɓa su suna ƙara wani sinadari a cikin ƙwayar mai suna cAMP, ƙwayar ta ƙara zama a shirye ta harba saƙo. D2 da D3 da D4 ɗaya gidan, su rage cAMP ɗin suke yi, ƙwayar ta lafa. Kamar ruwan sama ne da ya sauka rana ɗaya, manomin masara a Giwa yana hamdala, mai shanyar barkono a Hunƙuyi yana salati, alhali ruwan bai canza ba. Akwai ma D2 a jikin ita kanta ƙwayar da ke yin dofamin ɗin, aikinsa idan ya ji ya yi yawa a waje ya ce mata ya isa haka.

Wani bambancin kuma, wanda shi ne ya fi shafar abin da muke ji a rai, D2 ɗan kaɗan ma yana kama shi, don haka kusan kullum akwai dofamin zaune a kansa. D1 kuwa sai an yi ambaliya yake tashi sosai. Kuma a yankin da ake koyon ɗabi'a, ƙwayoyi masu D1 suna kan hanyar da ke cewa je ka yi, masu D2 suna kan hanyar da ke cewa dakata. Saboda haka idan dofamin ya yi tsalle sama, hanyar je ka yi ta ƙara ƙarfi, ta dakata ta yi shiru. Idan ya faɗi ƙasa da yadda ya saba, D2 ya samu sarari, hanyar dakata ta ɗaga murya.

Yaushe yake tsalle, yaushe yake faɗuwa? Wolfram Schultz ya amsa wannan da birai, aikin da ya yi suna a 1997. Yana sauraron ƙwayoyin dofamin ɗaya bayan ɗaya yana ɗiga wa biri ruwan ƴaƴan itace a baki. Idan ruwan ya zo ba zato, ƙwayoyin su harba. Da birin ya gane cewa duk sanda wata alama ta bayyana ruwa na tafe, sai harbin ya koma kan alamar, lokacin da ruwan ya iso bakin kuma shiru kake ji. Idan aka nuna alamar aka hana ruwan, daidai lokacin da ya kamata ya zo sai ƙwayoyin su yi tsit, ƙasa da yadda suke a zaune. Wato ba daɗin abin suke aunawa ba, tazarar da ke tsakanin abin da aka zata da abin da aka samu suke aunawa. Duk ma'aikacin da ke jiran albashi ya san wannan ko bai taɓa jin sunan Schultz ba. Ranar 28 ga wata waya ta yi ƙara a aljihu, gabanka ya faɗi da murna tun kafin ka ciro ta, ka duba ka ga saƙon kamfanin layi ne yana tallan data, wannan ɗan sanyin jikin da ya sauko maka, shi ne faɗuwar. Kuma idan albashin ya shigo daidai yadda ka san zai shigo, murnar ba ta kai ta dubu biyar ɗin da wani tsohon aboki ya turo maka ba ka roƙa ba. A 2004 Michael Frank ya gwada masu cutar Fakinsan, wadda ƙarancin dofamin ke kawowa, ya ga idan sun sha maganinsu mai ƙara dofamin sun fi koyo daga abin da ya ba su riba, idan ba su sha ba sun fi koyo daga abin da ya ja musu asara. Mutum ɗaya ne, makarɓin da ya fi samun aiki ne ya canza.

Yanzu ga inda masu bidiyo suka fi ɓata. Kent Berridge da Terry Robinson na Jami'ar Mishigan sun kwashe kusan duk dofamin ɗin ɓeraye, ɓerayen suka daina neman abinci gaba ɗaya, ga shi a gabansu amma sai su mutu da yunwa idan ba a ɗura musu ba. Amma da aka ɗiga musu ruwan sukari a harshe, sai suka riƙa lasar baki irin ta jin daɗi, daidai da lafiyayyen ɓera. Daɗin yana nan, tashi a nema ne babu. Shi daɗin kansa ya fi dogara da wasu sinadarai daban, dangin ofiyom da jiki ke yi da kansa, a wasu ƴan mitsi-mitsin wurare. John Salamone ya ƙara fito da abin fili, ya ajiye wa ɓera abinci mai yawa bayan wani ɗan shinge da kuma kaɗan a fili, lafiyayyen ɓera haurawa yake, wanda aka toshe wa makarɓan dofamin sai ya ci na filin ya haƙura. Ba wai ya daina son abincin ba ne, wahalar ce ta yi masa tsada.

Idan ka riƙe wannan, abubuwa da yawa za su warware maka. Mutum ƙarfe biyun dare yana ta jan allon waya da yatsa, idonsa na zafi, babu abin da ke ba shi dariya, ya san gobe da aiki, amma yatsan ya ƙi tsayawa, saboda ba a san abin da bidiyo na gaba zai kawo ba, kuma rashin tabbas shi ne abin da ya fi tsokanar ƙwayoyin da ke yin dofamin. Haka yaron da ke tsaye a shagon bet a Sabon Gari yana riƙe da doguwar takarda, wasa ɗaya ya yanke masa, kuma maimakon ya tafi sai ya ji kamar saura ƙiris. Ka tambaye shi ko yana jin daɗi, zai ce maka wallahi ya gaji. Gaskiya ya faɗa. Amma azumin dofamin da ake tallatawa, ajiye waya na ƴan kwanaki abu ne mai kyau, ni ma ina ba da shawararsa, sai dai ba dofamin kake azumta ba, ƙwayoyin nan ba sa hutu ko kana barci, alamomin da ke tsokanarka ne ka nisanta.

Kuma ba a harkar lada kaɗai yake aiki ba. A 2009 Matsumoto da Hikosaka sun nuna wasu ƙwayoyin dofamin a birai suna harbawa ko da abin ƙi ne ke tafe, kamar busa musu iska a fuska. A amigdala dofamin yana sassauta ƙwayoyin da ke danne tsoro, shi ya sa yake da hannu wajen koyon abin da za a ji tsoro. Abin da ya haɗa kwaɗayi da tsoro shi ne dukansu suna cewa wannan abin da muhimmanci, kula da shi. Wani likitan ƙwaƙwalwa, Shitij Kapur, ya ɗora bayanin taɓin hankali a kan wannan a 2003. Ya ce idan dofamin yana fita barkatai yana buga D2 ba tare da dalili ba, sai abubuwan da ba komai ba su cika da ma'ana. Mutum biyu sun yi dariya a teburin mai shayi, lallai da ni suke. Mota fara ta wuce sau biyu, ana bibiyata. Mai karanta labarai a rediyo ya yi tari, saƙo ne gare ni. Mara lafiyar ba ƙarya yake ba, da gaske yana jin nauyin abin a ransa, labarin maƙiya da ya ƙulla ƙoƙari ne na fassara abin da yake ji.

Maganin farko da ya kwantar da wannan shi ne kulofuromazin, wanda aka fi sani da Largactil, an fara ba masu taɓin hankali shi a Faris a 1952 ba tare da an san yadda yake aiki ba. Halofiridol ya biyo baya daga Beljiyam a 1958. Sai a 1976 aka nuna cewa ƙarfin kowane ɗayan magungunan nan yana tafiya daidai da yadda yake manne wa D2. Daga baya hoton ƙwaƙwalwa ya nuna tagar ƙunci ce, sai an toshe wajen kashi 65 cikin ɗari na D2 ake ganin sauƙi, idan aka haura 80 kuma sai sandarewa da rawar hannu su shigo. Maganin ba ya zaɓen unguwa, duk inda D2 yake zai zauna. A ɓangaren motsi ya kawo tauri, a akumbens ya kawo wannan mutuwar jikin da dangi ke cewa magani ya mayar da shi gunki, a fituwitari kuma, inda dofamin ke danne sinadarin da ke kawo ruwan nono, sai ka ga matar da ba ta shayarwa nono na zuba ko al'ada ta ɗauke, har namiji ma yana iya gani. Nan ne yawancin iyalai ke jefar da maganin, bayan ƴan watanni ciwo ya dawo. Abin yi shi ne a koma wurin likita, a Shika ne ko Barnawa, a faɗa masa abin da aka gani, ana rage awo, ana kuma canza magani.

Akwai wani abu da ke faruwa a unguwanninmu da ya kamata kowace uwa ta sani. Yarinya ƴar shekara goma sha tana ta amai, aka je wani kemis aka yi mata allura, amai ya tsaya. Washegari wuyanta ya murɗe gefe guda, idanu suka kafe sama, harshe ya fito, magana ta gagara. Gida ya rikice, kaka ta ce iska ce, a kira malam, har an fara turare. Wani maƙwabci ma'aikacin jinya ya leƙo ya ce, "Inna, wace allura aka yi mata jiya?" Aka ɗauko kwalin, metokulofiramaid. Ya ce, "Ku kwantar da hankalinku Inna, maganin ne, ku ɗauko mayafi mu tafi asibiti." Aka yi mata wata allurar, ba a jima ba wuya ya saki tana neman ruwa. Shi wannan maganin amai D2 yake toshewa, don cibiyar amai a ƙwaƙwalwa da D2 take aiki, amma yana iya tsallakawa ɓangaren motsi, kuma yara da matasa sun fi kamuwa. Maganin da ake bayarwa don sassauta irin wannan taurin, benzeksol, shi ne dai Exol ɗin da wasu samari suka mayar abin maye, abin takaici.

Cutar Fakinsan ita ce ɗaya bakin. Ƙwayoyin substanshiya nigira ne ke mutuwa a hankali, rawar hannu da jan ƙafa kowa ya gani a jikin Muhammad Ali, amma abin da ba a cika faɗa ba shi ne fuska tana daskarewa, mutum yana jin abu a ransa fuskar ba ta nunawa, da yawansu kuma suna fama da rashin himma da baƙin ciki. Sai aka yi magunguna irin su firamifeksol da rofinirol masu kwaikwayon dofamin, suna zama a kan D2 da musamman D3, wanda ya fi yawa a yankin kwaɗayi. Wani babban bincike da aka buga a 2010 a kan marasa lafiya sama da 3,000 a Amurka da Kanada ya samu kusan mutum ɗaya cikin shida na masu shan irin waɗannan magunguna ya faɗa caca, ko sayayya ba kan gado, ko cin abinci ba ƙoshi, ko sha'awar da ta wuce kima. Dattawa ne fa, da yawansu ba su da wannan halin a da, kuma sau da yawa idan aka rage maganin abin sai ya lafa. Duk sanda na tuna wannan sai in rage saurin yanke wa mutane hukunci.

Ƙwaƙwalwar goshi nata tsarin daban ne, D1 a can yana son tsaka-tsaki, ya yi kaɗan tunani ya watse, ya yi yawa ma ya watse. Patricia Goldman-Rakic da Amy Arnsten na Jami'ar Yel ne suka yi fice a wannan. Tashin hankali yana tura shi ya wuce iyaka, shi ya sa ɗalibi zai kwana yana karatu a Kongo, ya shiga ɗakin jarrabawa kai ya ɗauke ɗif, yana fitowa ƙofa amsar ta dawo. Goro da shayi kuwa ba sa zuba dofamin kamar ƙwaya, sinadarin kafeyin da ke cikinsu yana toshe makarɓin wani sinadari mai kawo barci, adenosin, ne, wanda ke manne da D2 yana rage masa ji. Masu cewa ka ci ayaba don tana da dofamin, eh tana da shi, amma dofamin da ke cikin jini ba ya tsallake shingen da ke kare ƙwaƙwalwa, ko wanda ake sa wa mara lafiya a dirif don ɗaga bugun jini a jiki yake tsayawa. L-dopa ne ke tsallakewa, akwai shi ma a ƙwayar karara, wannan mai ƙaiƙayin, amma ba abin da mutum zai ɗirka wa kansa ba ne.

Na bar shaye-shaye a ƙarshe don shi ne ya fi ci mana tuwo a ƙwarya. Binciken ƙasa na 2018 ya ce ƴan Najeriya miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da ƙwaya a shekarar da ta gabata, kuma a watan Mayun 2018 ɗin ne gwamnati ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin. Kodin da tiramol suna kashe bakin ƙwayoyin jijiyar da ke tsare masu yin dofamin a VTA, sai dofamin ya kwararo fiye da yadda tuwo ko hira ko cin wasa za su taɓa kawowa. Ƙwaƙwalwa kuma ba ta zama ta zuba ido, sai ta rage makarɓan. Nora Volkow ta ɗauki hoton ƙwaƙwalwar masu shan hodar iblis, aka kuma ga irin haka a masu giya da masu tabar ofiyom da sauransu, D2 ya ragu a cikinsu idan aka kwatanta da waɗanda ba sa sha. Sakamakon shi ne abubuwan yau da kullum sun daina motsa shi, bikin ƙanwarsa, ƙwallo, abincin da yake so, duk sun zama salam, amma ganin kwalba ko layin da ya saba saye yana tayar masa da kwaɗayi fiye da da. Yana nema da ƙarfi, daɗin kuma ya ragu.

Wani gwaji na 2002 daga ɗakin binciken Michael Nader ya nuna makarɓan nan ba ƙaddarar haihuwa ba ce kawai. An auna D2 na birai suna zaune ɗai-ɗai, sannan aka haɗa su rukuni. Waɗanda suka zama manya a rukunin D2 ɗinsu ya ƙaru, kuma da aka ba su damar shan hodar iblis ba su cika sha ba, na ƙasa da ake dannewa su ne suka fi sha. Birai ne ba mutane ba, amma wanda ya san zaman yaron da ya gama makaranta shekara da shekaru babu aiki, kowa a gida yana masa kallon banza, zai ga inda maganar ta dosa.

Dawowar makarɓan ma ba ta sauri. Volkow ta ga raguwar tana nan wata 3 zuwa 4 bayan mutum ya daina, a biran Nader kuma wasu sun farfaɗo cikin wata 3, wasu har shekara ba su dawo daidai ba. Don haka yaron da aka sallamo daga wurin gyaran hali, ya dawo gida yana kwance ba ya son magana, ba ya sha'awar komai, ba lallai taurin kai ko rashin godiya ba ne, kuma a daidai watannin nan ne ya fi sauƙin komawa. Lokacin ne yake buƙatar a ci gaba da kai shi ganin likita, a raba shi da tsohon layi da tsoffin abokai, a kuma samo masa abin yi da zai fita dominsa kowace safiya ko bai ji yana so ba, ko da zaman shagon kawunsa ne a Tudun Wada.